Shekarar da Aka Sa wa Zanena Leda

Rifkatu, da ke zan fara, domin daga bakinki ƙannenki suka ɗauki maganar. Bara da kuka zo Kirsimeti ina kwance a ɗaki, kuna zaton barci nake yi, na ji 'yarki ta tambaye ki me ya sa Kaka ta daina zane. Kika ce mata kakanta namiji ne ya hana. Ba da ɗaci kika faɗa ba, kin faɗa ne kamar mai faɗin ranar kasuwa, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Maganar ta zauna ke nan, ta zama tarihin gida, ga ta har ta kai ga jikoki. Babanku yana ƙasa, ba zai tashi ya kare kansa ba, da ma ko yana raye ba zai yi ba. Ni kaɗai na rage da na san abin da ya faru, ga hannuna ya fara rawa, ga idona na dama ya yi hazo. Don haka ku karanta, ke da Dauda da Talatu, kuma kada wanda ya kira ni a waya sai ya kai ƙarshe.

Shekarar da nake nufi ita ce wadda wayar salula ta fara shiga hannun irinmu. Muna gidan haya mai ɗaki uku a Samaru, can bayan kasuwa. Ina koyar da zane a wata makarantar 'yan mata, babanku Ishaya kuma akawu ne mai kula da fayil a wani ofishin aikin gona. Yayarsa Laraba, Gwaggonku, tana tare da mu tun rasuwar mijinta. Ke Rifkatu kina shekara goma sha biyu, Talatu ba ta daɗe da barin goyo ba.

Da fentin ruwa nake zane, shi na koya, shi kuma na iya. Ba ku taɓa ganin ina yi da hankalinku ba, sai na ɗan faɗa muku yadda yake. Takardar mai kauri ce, mai ɗan kaushi kamar bayan ƙwarya. Sai na jiƙa ta a baho, na shimfiɗa a kan katako, na manne gefunanta, ta bushe ta miƙe tsaf. Ruwan sama nake tara wa aikin a cikin tulu, domin na rijiyarmu yana bar wa launi wani dushi-dushi. Ba a shafa farin fenti. Duk farin da ke cikin zanen, hasken rana a kan kwano ko farin haƙorin mai dariya, takardar ce kanta aka bari ba a taɓa ba. Daga launi mai haske ake farawa a gangara zuwa mai duhu, kuma abin da buroshi ya ajiye ya ajiyu, ba a gogewa, ba a rufewa da wani. Rabin aikin jira ne. Ki zuba wa takarda ido har sheƙin ruwan ya fara janyewa, a daidai wannan ɗan lokacin za ki sa launi na biyu. Kika yi gaggawa ya watse, kika yi jinkiri ya bar tabo. Ni da ba ni da haƙuri da mutane ko na anini, da takarda ina da shi. Ranar Asabar nakan hau bas zuwa Sabon Gari in zauna gefen masu tumatir, ko in taka zuwa ƙauyen Bomo in zana mata suna cirar ciyawa a gonakin masara. Da damina na fi son aiki, domin takarda ba ta saurin bushewa, tana ba ni lokaci.

Gwaggonku ba ta taɓa ganin kan abin ba. Takan tsaya a kaina da tsintsiya a hannu.

"Ke Saratu, takardan nan me ya yi miki kike mishi wanka? Yara uku ba su ishe ki wankewa ba?"

Babanku kuwa bai san zane ba, amma ya san ni. In na zauna aiki yakan kwashe ku ya kai ku bakin titi sayen rake don in sami shiru. "Mai zane" yake kirana in yana son tsokana, "Maman Rifkatu" in da mutane. Abu ɗaya ne bai yarda da shi ba a duniya, shi ne takarda. Shekara ashirin yana kallon gara da yoyon rufi suna cinye fayil ɗin mutane, ya ga dattijon da ya rasa fanshonsa saboda ruwa ya wanke sa hannu ɗaya. Da aka fara kawo injin nan na laminatin, mai manne takarda tsakanin leda biyu da zafi, sai babanku ya ga an kawo ceto. Takardar aurenmu, katin baftismarku, shaidar makarantarsa, har katin rigakafin Talatu, babu wanda ya tsira. Muna yi masa dariya, Gwaggonku tana cewa wata rana mu ma zai kai mu a manne.

A farkon daminar nan tsohon malamina na zane ya aiko a kira ni. Malam Garba, wanda ya fara ɗora mini buroshi a hannu, lokacin ya kusa ritaya. Ya ce tsofaffin ɗalibansa za su baje kolin aikinsu a wani zaure nan Samaru, kuma ya ware mini bango guda, ni kaɗai. Ya ce akwai wata mata da za ta zo daga Legas, tana da gidan nuna zane, tana neman masu fentin ruwa domin sun yi ƙaranci. Shekara goma sha biyar ina zane ina turawa ƙarƙashin gado. Abokan karatuna maza sun yi suna, ni ina koya wa 'yan mata zana kofi da lemo. Na dawo gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na zaɓi guda ashirin da biyu, waɗanda na fi so a duk rayuwata, na jera su tsakanin kwalaye biyu na ɗora a kan kabad.

Saura wata guda a buɗe baje kolin aka aiko cewa mahaifiyata ta faɗi a gona, ɓarin jikinta ya mutu. Na ɗauki Talatu muka tafi ƙauye, na yi sati biyu ina jinya. A cikin kwanakin nan aka yi wani ruwa mai iska a Samaru, ya ɗaga kwanon rufin ɗakinmu, ruwa ya sauka daidai kan kabad. Guda biyu na sama suka jiƙe, launinsu ya narke ya bi kwali. Babanku ya dawo daga ofis ya tarar da haka. Daga baya Gwaggonku ta gaya mini zama ya yi a bakin gado ya riƙe kai, yana ta cewa me zai gaya wa Saratu. Kashegari ya naɗe sauran ashirin ɗin a rigar ruwansa, ya ɗaure a bayan babur, ya nufi unguwar PZ a Sabon Gari, domin a can ne kawai ake da injin da ke cin babbar takarda.

Da la'asar na dawo, a gajiye, da warin jinya a jikina. Na ɗaga labulen falo na ga an jera su a kan kujeru, a kan tebur, a jingine da bango, kowanne yana ƙyalli kamar farantin roba. Babanku yana tsaye a tsakiya da hannu a baya, yana murmushin nan nasa na wanda ya yi abin kirki yana jiran a gani.

"Biyu sun lalace, Mai zane, ki yi haƙuri. Amma waɗannan kam, ko a kogi kika jefa su ba abin da zai same su."

Gwaggonku ta rangaɗa guɗa.

"Kin ga miji! Wuni guda ya yi a tsaye a Sabon Gari saboda takardunki. Wani ko kallo ba zai yi ba."

Na ɗauki na kusa da ni. Wata mai tumatir ce a ƙarƙashin laima, wadda na yi Asabar huɗu ina bi. Kaushin takardar ya tafi, zafi ya danne shi ya zama sumul. Farin da na yi ta tattali ya koma ruwan madara mai datti. A kumatun matar iska ta maƙale ta yi ƙuraje. Sai na lura zanen ya ragu. Injin bai kai faɗin takarduna ba, don haka an yanke gefe da gefe don su shiga. Rabin laimar ya tafi, sararin da na bari a sama don ido ya huta ya tafi, sunana da ke ƙasa a kusurwa shi ma ya tafi. Na duba na biyu, na duba na uku, duk haka. Garin neman gira an rasa ido.

Ga laifina na farko, ku riƙe shi. Ban yi kuka ba, ban yi faɗa ba, ni da unguwa ta san bakina. Da na yi ihu a ranar, na ce masa ka kashe ni, da ya ji zafi na kwana biyu ya fahimta, da mun wuce wurin. Amma na dubi fuskarsa na kasa, kuma ba tausayi kaɗai ba ne. Akwai raini a ciki. Zuciyata ta ce mini, me za ki bayyana wa mutumin da bai san bambancin zane da katin rigakafi ba? Sai na ajiye zanen na ce:

"Sannu da ƙoƙari, Baban Rifkatu."

Ya ji daɗi ƙwarai, har ya aiki Dauda ya sayo mana tsire.

Ranar Litinin ban je makaranta ba, na ɗauki guda ɗaya na tafi PZ. Na sami shagon a wani lungu tsakanin masu sayar da littattafai, janareta yana ta ƙara a ƙofa. Mai shagon wani Ibo ne mai fara'a, yana ganin abin da ke hannuna ya gane. Na tambaye shi ko akwai yadda za a cire ledar.

"Madam, wannan in ya shiga, ya shiga. Ba fita. Ke ne matan Oga? Kai, Oga ya yi ƙoƙari. Tun safe yana nan, bai ci abinci ba. Ni na yanka, amma shi ya riƙe rula. Kowane ɗaya sai ya duba, ya duba, ya ce kar reza ya taɓa fuskan mutum."

Na fito na tsaya a bakin kwata ina kallon masu wucewa, na rasa wanda zan tsana. A gida na gwada da reza a kusurwar wani zanen gonar Bomo. Ledar ta ɗago, amma ta ɗago da fatar takardar da launin gaba ɗaya, ta bar mini fari fat kamar an feɗe akuya. Na gwada da dutsen guga, na gwada da tururin ruwan zafi, na ƙara kashe guda biyu. Sai na ce to, zan zana sababbi, saura kwana goma sha biyu. Na jiƙa takarda, na zauna. Fentin ruwa ba ya karɓar mai fushi. Hannuna ya yi ta gaggawa, ina sa launi kan launi tun ba su sha iska ba, duk abin da na taɓa sai ya koma taɓo. Takarda bakwai na ɓata, su ne kuma ƙarshen masu kyau da nake da su. Babanku yana ganin ina ta aiki, yana kwashe ku zuwa sayen rake.

Saura kwana uku na kai wa Malam Garba zanen. Ya sa tabarau, ya ɗaga ɗaya ya karkata shi wajen taga, ya duba. Sai ya tambayi wanda ya yi, na gaya masa.

"Kin gaya masa abin da ya yi?"

"Ban gaya masa ba, Malam."

"To. Bangon naki ne, an riga an buga sunanki. In kin janye ba wanda zai zarge ki, za a sake wani bayan shekara biyu ko uku. In kin rataya, ba zan hana ki ba. Amma ki fara zuwa gida ki yi magana da mijinki."

Ban bi ko ɗaya daga cikin shawarar da ke da amfani ba. Janyewa na nufin in zauna in bayyana wa babanku dalili, ni kuma na riga na ce masa sannu da ƙoƙari. Ga kuma shekara goma sha biyar da nake jiran bango. Na ce wa kaina mai ido zai gane hannu ko ta cikin leda. Na yanka farin kwali na rufe gefunan, na rataya goma sha biyu, sauran biyar na jera su a kan tebur a ƙarƙashi.

Ranar buɗewa Asabar ce da rana. Zauren ya cika da malamai da ɗalibai, ana ta gaishe-gaishe rabi Hausa rabi Turanci. Babanku ya sa farin kaftaninsa na zuwa coci, ya goge takalmi. Ku ba mu zo da ku ba, kuna gida da Gwaggonku. Tun daga ƙofa na san na yi kuskure. Zanen kowa yana shan haske, nawa yana mayar da shi. Tagogin zauren suna fuskantar bangona, in ka tsaya a gaba ba ka ganin komai sai ƙyalli da inuwar kanka. Na ji wani ɗalibi yana ce wa abokinsa ai irin kalandar da ake sayarwa a tasha ce. Na yi kamar ban ji ba.

Malam Garba ya kawo matar Legas wajena. Doguwa ce, mai furfura, ba ta da yawan magana. Ta tsaya gaban mai tumatir ɗin, ta matsa hagu, ta matsa dama, ta sa tafin hannu ta tare hasken taga, sannan ta sunkuya ta duba da kyau. Ta daɗe. Ta ce da Turanci, wanda ya yi wannan inuwar ta ƙarƙashin laima ya san ruwa. Shekara goma sha biyar nake jiran wani ya faɗi haka. Sai ta ƙwanƙwasa ledar da farce, ta ce, amma wa ya yi wannan ta'asar?

Kafin in buɗe baki muka ji dariya ta tashi a bayanmu. Na juya. Babanku ne a bakin teburina, ɗalibai sun kewaye shi. Ya ɗauki zanen matan Bomo a hannu ɗaya, ledar ruwan fiya wata a ɗaya hannun, ya huda da haƙori yana tsiyaya ruwan a kan zanen, ruwan yana gangarowa ƙasa.

"Kun gani? Ko ɗigo bai shiga ba. Shekara hamsin zai yi a haka."

"Oga, ƙara! Ƙara mu gani!"

Ya ƙara. Suna tafi, suna riƙe ciki, shi kuma yana murmushi, yana zaton aikin matarsa ake yabo. Ni na jawo wannan, domin da na gaya masa gaskiya tun a falo da bai kai kansa nan ba. Amma a lokacin ban ga haka ba. Kunya kawai na ji, irin wadda ke sa kunnuwa su yi zafi. Na juya masa baya. Matar ta ci gaba da kallon wajen na ɗan lokaci, sannan ta tambaye ni wane ne wancan mutumin.

Na ce mata da Turanci, "Mai shagon laminatin ne. Tallar aikinsa yake yi."

Ban san ya taho ba. Ya hango Malam ya kawo babbar baƙuwa wajena, ya baro ɗaliban ya zo a gabatar da shi, yana tafe yana goge zanen da hankicinsa. Taku uku ne tsakaninmu. Babanku akawu ne, ya fi ni jin Turanci. Na ga idon Malam Garba ya wuce kafaɗata, na juya, muka haɗa ido da babanku. Ya dubi bangon, ya dubi ɗaliban da har yanzu ke dariya, ya dubi abin da ke hannunsa, na ga ya gane komai a lokaci guda, har da sannu da ƙoƙarin da na yi masa. Sai ya ɗan rusuna wa matar, ya ce da Turancinsa na ofis:

"Haka ne, Madam. Ku yi haƙuri da damuwa."

Ya ajiye zanen a kan tebur, ya daidaita shi da sauran, ya ninke hankicinsa ya fita. Ban bi shi ba. Na tsaya a wurin har aka tashi, ina amsa gaisuwa. Matar ta ba ni katinta, ta ce in na yi sababbi in neme ta. Malam Garba bai sake yi mini magana ba a ranar, sai da zan tafi ya ce in gaida gida.

Magana zarar bunu ce. Na hau bas ina shirya abin da zan ce, na iso na tarar da shi a tsakar gida ya cire kaftani yana gyara wa Dauda keke. Ya ce mini sannu da dawowa. Ya ci tuwonsa, ya yi addu'a da mu kamar kullum. Na ce bari sai gobe in ya huce. Gobe ta zo, ya tafi coci da wuri. Asabar ta gaba ya hau rufi ya canja kwanon da ke yoyo. Bai taɓa tayar da maganar ba, bai canja mini fuska ba, bai rage mini komai ba. Abu ɗaya ne ya ɓace, bai sake kirana Mai zane ba. Gwaggonku ta yi ta tambaya yaya aka yi a wajen bikin, yana ce mata an yi lafiya. Ni kuma kowace rana da ta wuce sai maganar ta ƙara nauyi, har ta kai ba na iya ɗaga ta. Ga girman kai, ga kuma wani ɓangare na zuciyata da ke cewa ai shi ya fara, shi ya kashe mini aikin shekara goma sha biyar, in ana bin ba'asi shi zai fara ba da haƙuri.

Na sake gwada zane sau uku ko huɗu bayan haka. Malam ya aiko mini da takarda mai kyau ba tare da wasiƙa ba. Ina jiƙa ta, ina shimfiɗawa, in ɗauki buroshi, sai a wajen jiran nan, lokacin da ake zuba wa sheƙin ruwa ido, in ji muryarsa yana cewa haka ne, Madam. In farga takarda ta bushe. Aikin yana son zuciyar da za ta iya zama shiru, tawa kuma ba ta iya zama da kanta. Da kaka ta yi na wanke buroshina na ɗaure su da zare, na ce wa babanku ya kai mini katakon zanen ɗakin ajiya domin yana tare hanya. Ya tsaya ya dube ni, ya ce in bar shi mana, ai ba ya tare wa kowa komai. Na ce ya kai. Wannan ne kika gani, Rifkatu, kina zaune a bakin ƙofa kina tsince shinkafa: babanki ya fito da katakon uwarki a ka, uwarki tana tsaye tana share ido. Kika haɗa labarinki, kuma ba laifinki ba ne.

Laifin nawa ne, domin na san abin da kika ɗauka, na kuma bar ki da shi. A zumuntar mata ta coci in an tambaye ni ina zane, sai in ɗaga kafaɗa in ce, kun dai san maza. Ban taɓa cewa ya hana ni ba, ban kuma taɓa cewa bai hana ni ba. Ya fi mini sauƙi in zama wadda aka danne da in zama wadda ta yi abin da na yi. Na ga yadda kika fara amsa masa magana a taƙaice tun kina sakandare, na ga yadda kika ƙi ya raka ki ranar da za ki tafi jami'a. Shi ma ya gani, kuma ya san daga inda abin ya fito. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta wanke shi, amma sai ta tona ni a gabanku, don haka bai faɗa ba. Shekara goma sha shida muka yi a haka, muna cin abinci a kwano ɗaya.

Ciwonsa na ƙarshe kun san shi, kun yi ta zuwa kuna komawa. Akwai wata safiya da ba kowa sai ni da shi, bayan an sallamo mu daga asibiti an ce mu je gida. Na gama goge masa jiki, ina ninke tawul, sai ya kama hannuna. Muryarsa ta riga ta shige, sai da na sunkuya.

"Saratu. Zanen nan naki. Ban sani ba, Allah ya sani ban sani ba. Na ɗauka gyara nake yi. Ki yafe mini."

Shekara goma sha shida ina cewa in ya fara zan bi. Ga shi ya fara. Ƙofa a buɗe, ba kowa a ɗakin, ba wanda zan ji kunyarsa. Abin da zan ce bai fi kalma biyar ba, kuma na daɗe da haddace su. Na buɗe baki na ji kaina ina cewa:

"Na yafe, Baban Rifkatu. Ya wuce."

Bai saki hannuna ba. Ya ci gaba da kallon bakina, yana jira, kamar yadda mutum ke jira a bakin ƙofa in ya yi sallama ya ji motsi a ciki. Ya jira har na kasa jure idonsa. Sai na zare hannuna na tambaye shi ko zai sha kunu.

Ya ce zai sha. Na tafi na dama, na kawo, ya sha cokali uku don kada in ji ba daɗi. Ranar Alhamis ya rasu.